Na Rage Girman Robar Nonona Bayan Na Haura Hamsin

Ina da shekara talatin da 'yan kai aka sa mini robar ƙarin nono, bayan na yaye autana. Shayarwa ta tsotse ƙirjin ya kwanta, abin kuma ya tsaya mini a rai, sai na je aka yi mini tiyata, aka sa jakar silikon mai cin mililita 450 a kowane ɓangare, a bayan tsokar ƙirji. Na ji daɗinsu shekara da shekaru, kuma har gobe ba na ganin laifin matar da ta yanke wannan shawara a lokacin. Sai dai jiki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ya ci gaba da tafiyarsa, ya bar robar a inda aka ajiye ta.

Da al'ada ta ɗauke mini sai na ƙara ƙiba, kamar mata da yawa, kuma wani kaso na ƙibar a ƙirji ya sauka. Idan sinadarin estirojin ya yi ƙasa, naman nono mai samar da ruwa yakan ragu, kitse ya maye gurbinsa, fata ta rage ƙarfi, zaruruwan da ke riƙe nono a jikin ƙirji, waɗanda likitoci ke kira jijiyoyin Cooper, su saki. Abin da na riƙa gani a madubi shi ne robar tana nan can sama, tsoka ta riƙe ta gam, nonona na asali kuma ya zame daga kanta ya rataya ƙasa. Tudu a sama, saki a ƙasa, kan nonon yana kallon ƙasa. Riga tana rufe wannan, amma ba ta rufe nauyi. Mililita ɗaya ta silikon ta kusa giram ɗaya, ke nan ina yawo da abin da ya kusa kilo guda a ƙirji, ban da nawa na halitta da ya ƙaru. Igiyar rigar mama ta yi mini kwari a kafaɗu. Idan yamma ta yi sai wuyana ya ƙage, tsakanin kafaɗuna ya riƙa zafi. Lokacin zafi ƙarƙashin nono ya yi ta gumi har fatar ta yi ja ta fara ƙaiƙayi. Riga kuwa, in ta yi mini daidai a kafaɗa ba za ta rufu a gaba ba, in ta rufu a gaba sai ta zama buhu a sauran jiki.

Duk wannan na daɗe ina haƙuri da shi. Abin da ya tashe ni tsaye shi ne nonon hagu da ya fara tauri. A hankali ya zo, har ban san ranar da ya soma ba, sai dai na lura in na kwanta a wannan gefen ina jin kamar na danne wani abu da ba ya lotsawa, kuma ya ɗan haura sama ya fi na dama tsayi. Ranar da na je hoton nono na mamogiram abin ya fito fili. Mace mai roba ana ɗaukar mata ƙarin hotuna, ta hanyar da ake kira dabarar Eklund: ma'aikaciya ta tura robar baya zuwa ƙashin ƙirji, ta jawo naman nonon gaba, a matse shi shi kaɗai don a ga abin da robar ke karewa. Na dama ya turu ba wuya. Na hagu ya ƙi motsi. Ma'aikaciyar ta dube ni ta ce, "Hajiya, ya kamata likitan tiyata ya duba wannan."

Bayanin da na samu daga baya ya kwantar mini da hankali, duk da bai kawar da matsalar ba. Duk baƙon abin da aka sa a jiki, jiki yakan saƙa masa wani tantani ya kewaye shi. Wannan ba cuta ba ne, kowace mai roba tana da shi. Amma wani lokaci tantanin yakan yi kauri ya tsuke, ya matse robar. Ana auna tsananin abin da ma'aunin Baker mai mataki huɗu: na farko nono na da laushi kamar ba komai, na biyu ya ɗan yi tauri amma ido ba ya gani, na uku ya yi tauri har siffarsa ta canja, na huɗu ga tauri ga ciwo. Nawa na hagu yana mataki na uku. Aka tura ni hoton MRI don a tabbatar jakar ba ta fashe ba, domin ta silikon takan fashe shiru, mace ba ta sani ba, ruwan mai danƙo ya zauna cikin tantanin. Jakar da aka cika da ruwan gishiri ce in ta huje nono ke saɓewa a gani da ido. Sakamako ya nuna duka biyun lafiyarsu ƙalau.

To, tunda dai za a buɗe ƙirjin, sai tambayar da na jima ina juyawa a zuci ta fito: me zai sa a mayar mini da girman da jikina ya gaji da ɗauka?

Na ga likita fiye da ɗaya kafin na tsayar da wadda ta yi mini aikin, kuma ina ba kowace mace shawarar ta yi haka. Abin da ya sa na zaɓe ta shi ne ta fi sauran daɗewa tana awo kafin ta buɗe baki. Ta sa na tsaya, hannuwa a gefe. Ta ɗauko tef ta auna daga ramin maƙogwaro zuwa kan kowane nono, ta auna daga kan nono zuwa lanƙwasar da ke ƙarƙashinsa, ta auna faɗin gindin nonon a jikin ƙirji. Ta kama fatar sama da yatsu biyu ta ɗaga, tana duba kaurin naman da zai rufe sabuwar roba. Ta sa na haɗa tafin hannu na danna da ƙarfi, sai ga robar ta yi tsalle ta yi gefe saboda tsokar da ke kanta. Ta nuna mini a madubi cewa kan nonon ya sauka ƙasa da lanƙwasar nan, kuma wannan shi ne ma'aunin da suke bi su san ko nono yana buƙatar ɗagawa.

Na shiga ɗakin nan ina zaton aikin mai sauƙi ne, a ciro babba a sa ƙarama ta tsohon tabo, a ɗinke. Likitar ta ce, "Hajiya, ki ɗauki ƙaramin matashi ki sa shi a rigar babban matashi. Me za ki gani?" Na ce zai yi ta yawo a ciki, rigar kuma ta yi yaushi. Ta ce to haka ƙirjina zai zama in ba a gyara wurin ba. Fiye da shekara ashirin fata da tsoka suna miƙewa a kan wannan girman. Gurbin da robar ke zaune ya yi faɗi, ƙaramar roba za ta zame gefe zuwa hammata in na kwanta, ko ta nutse ƙasa. Fatar kuma, a shekaruna, ba za ta koma da kanta ba. Saboda haka aikin gida uku ne a zama ɗaya: a cire tantanin da ya tsuke, a tsuke gurbin da ɗinki daga ciki daidai da sabuwar roba, sannan a ɗaga nonon a yanke rarar fata. Sanya robar kanta ita ce mafi ƙanƙantar aikin.

Nan ne maganar tabo ta shigo, kuma nan na fi daɗewa ina tunani. Tabona na farko ɗan gajere ne, yana ɓoye a lanƙwasar ƙarƙashin nono, ni kaina sai na nema nake ganinsa. Ɗaga nono kuwa ba ya yiwuwa sai da tabon da ake gani. Idan sakin kaɗan ne, ana yanka zagaye da baƙin da'irar kan nono kawai. Idan ya fi haka, a ƙara layi ɗaya daga da'irar zuwa ƙasa. Idan fatar ta yi yawa kamar tawa, sai an ƙara na uku a kwance, bin lanƙwasar ƙasa. Likitar ba ta sassauta mini ba. Ta ce baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu ko mai duhu, ta duba tsofaffin tabon jikina, har da hujin kunne, ta ga yadda nake warkewa. Ta nuna mini hotunan matan da ta yi wa aiki, masu launin fata irin nawa kuma sa'o'ina, da waɗanda tabonsu ya kwanta da waɗanda nasu ya yi kauri. Na ji daɗin da ta nuna mini duka biyun.

Akwai hanyar da ta fi wannan gajarta, wato a cire robar gaba ɗaya, a ɗaga nonon, a rabu da ita har abada. Mata da yawa a shekaruna haka suke zaɓa, musamman waɗanda ke fama da kasala, ciwon gaɓoɓi da rikicewar tunani da suke dangantawa da robar, kuma wasunsu sukan ce sun samu sauƙi bayan an cire. Ina girmama wannan zaɓi ƙwarai, na kuma yi kusan ɗaukarsa. Abin da ya hana ni shi ne kitsen da na ƙara duk a ƙasan nonon ya taru, sama kuwa fata ce kawai a kan ƙashi, kuma robar ta daɗe tana danne naman wurin har ya yi siriri. In an cire duka, saman ƙirjin zai lotsa. Na tambayi kaina da gaske ko zan iya zama da hakan, na ga a yanzu ban shirya ba. Ba na jin akwai amsa ɗaya da ta dace da kowa a nan. Mace ita ta san abin da za ta iya kallo a madubi kullum ba tare da ranta ya sosu ba.

Zaɓen girman ya ba ni wahala fiye da yadda na zata. A karon farko abu ne mai sauƙi, ki cusa robar gwaji a rigar mama ki ga yadda za ki koma. Amma mai son ragewa ba ta da hanyar gwadawa, tunda babbar tana ciki. Lambar rigar mama kuma ba abin dogaro ba ce, kowane kamfani da nasa awon. Sai likitar ta ce na bar maganar lamba, na faɗa mata yadda nake son rayuwata ta kasance. Na ce ina son na yi tafiya da sauri ba tare da na riƙe ƙirji ba, ina son riga ta rufu, ina son wanda ya gan ni ya ga mace mai shekaruna da jiki daidai da ita. Ta yi mini bayanin abin da ban taɓa sani ba: ba yawan mililita kaɗai ake dubawa ba, har da faɗin robar da tsayin tudunta. Idan aka sa ƙarama mai ƙaramin faɗi a ƙirji mai faɗi irin nawa, sai tsakanin nonon biyu ya yi wawakeken fili. Abin da ya dace shi ne mai faɗin da ya kusa na da, amma mai kwantaccen tudu. Muka tsaya a kan wajen mililita 250, da sharaɗin tana da damar ɗan ƙarawa ko ragewa a ɗakin tiyata idan ta gwada ta ga yadda fatar ta zauna.

Ta kuma nemi takardun aikina na farko. Wannan ya ɗauke ni lokaci, domin an daɗe, amma na samo ɗan katin da aka ba ni mai ɗauke da sunan kamfani da lambar robar. Dalilin neman biyu ne. Na farko, tana son sanin ta ina aka yanka a da, saboda jinin da ke ciyar da kan nono ta cikin naman da ke kewaye da shi yake bi. A wajen ɗagawa ba a cire kan nono, ana matsar da shi sama ne yana manne da wani yanki na nama mai jijiyoyin jini, kuma tsohon yanka yana iya rage hanyoyin da suka rage. Na biyu, tana son sanin ko bayan robar sumul yake ko mai kaushi. Akwai wata sankara ta ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira BIA-ALCL, ba sankarar nono ba ce, takan taso a tantanin da ke kewaye da roba, ba ta da yawa, kuma an fi samunta ga masu roba mai kaushi. Saboda ita ne kamfanin Allergan ya janye nau'insa mai kaushi na Biocell daga kasuwannin duniya a watan Yulin 2019, bisa buƙatar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA. Alamarta da aka fi gani ita ce nono ya kumbura da ruwa shekaru bayan tiyata. Katina ya nuna tawa sumul ce, sabuwar ma sumul muka zaɓa.

A gida, maigida bai damu da girma ko ƙanƙanta ba, tsoronsa allurar barci ce. Ya ce, "Ke da hawan jini, kina ganin ya dace a kwantar da ke awa da awanni?" Tambayarsa tana kan hanya, shi ya sa na tafi da shi ranar ganin likitan sa barci, ya ji da kunnensa. 'Yata babba kuwa cewa ta yi, "Umma, in dai za ki daina wannan riƙe wuyan da kike yi kullum da yamma, ni zan zo na zauna da ke." Ban san ta lura ba.

Shirye-shiryen sun fi na karon farko yawa nesa ba kusa ba, domin wancan lokacin yarinya ce lafiyayya ta shiga ɗakin tiyata. Yanzu sai da aka yi gwajin jini, aka duba sukari, aka yi awon bugun zuciya, aka tabbatar hawan jinin ya daidaita da magani. Aka bi duk abin da nake sha ɗaya bayan ɗaya. Asfirin da ibufurofen da man kifi da bitamin E duk aka ce na ajiye kafin ranar, saboda suna iya ƙara zubar jini. Aka tambaye ni ko ina shan maganin maye gurbin estirojin, domin yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya. Tambayar taba kuwa an maimaita mini ita fiye da sau ɗaya, duk da ban taɓa sha ba. Nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, kuma a aikin da aka ɗaga fata aka matsar da kan nono, hakan na iya sa wurin ya mutu. Likitar ta ce mai shan taba ba ta taɓa ta sai ta daina na makonni kafin aiki da bayansa.

Da safen ranar, kafin a shigar da ni, likitar ta zo da alƙalamin zane. Na tsaya tsirara daga ƙugu zuwa sama, ita tana zaune a kujera a gabana. Ta ja layi daga tsakiyar wuya zuwa cibiya. Ta sa yatsa a lanƙwasar ƙarƙashin nono, ta kawo alamar gaba, ta ɗiga aya: nan ne sabon mazaunin kan nono. Na dubi ayar nan, na dubi inda kan nonon yake a lokacin, tazarar ta kai faɗin yatsu uku ko fiye. Sannan ta tura nonon zuwa dama, ta ja layi, ta tura shi zuwa hagu, ta ja wani, duk fatar da ke tsakanin layukan ita ce za ta tafi. Tana zane tana ja da baya tana kallo, ta goge ta sake. Bakin alƙalamin yana da sanyi, ƙafafuna suna ɗan rawa. A tsaye ake wannan zanen dole, domin in mace ta kwanta nono yakan baje, ba a ganin ainihin inda yake faɗuwa. A wannan tsayuwar ce na fahimci yawan abin da za a taɓa a jikina, na kuma ji zuciyata ta amince.

Aikin ya ɗauki wajen awa uku. Da na farfaɗo, abin da na fara ji matsi ne, kamar an ɗaure ƙirjin tamau, sai tashin zuciya da aka ba ni magani ya lafa. Siririyar roba tana fitowa daga kowane gefe zuwa wata 'yar kwalba, tana janye ruwa da jinin da ke taruwa inda aka cire tantanin. Tantanin da ɗan naman da aka yanke an aika da su ɗakin gwaji, kamar yadda aka saba, sakamako ya dawo ba komai. Likitar ta ce na hagun ya yi kauri har ya fara ƙandarewa.

Kwanakin farko sun wuce cikin barci da shan magani. Ina kwana rigingine da matasai a baya, abin da ya fi komai gundurata, ni da na saba kwanciya a gefe. 'Yata ke zubar da ruwan kwalaben tana rubuta yawansa, da ya ragu aka cire siraran robobin janye ruwan. Maganin ciwo mai ƙarfi yana ɗaure ciki, don haka na bar shi da wuri na koma farasitamol. An ce na riƙa tashi ina zagaya ɗaki tun ranar farko, da safa mai matse ƙafa, kuma in na ji ciwo ko kumburi a sha-raɓa ɗaya, ko numfashi ya yi mini wuya, kada na jira gari ya waye. Ciwon kansa bai kai na tiyatar farko ba, tunda tsokar ta riga ta miƙe tuntuni. Gajiyar ce ta fi. Jikin mai shekara kusan sittin yana karɓar lokacinsa, kuma ba a yi masa gaggawa.

Ranar da aka buɗe bandeji na kalli kaina, raina ya ɓaci. Ina son duk mai shirin wannan aiki ta san da haka tun kafin ta je. Nonon sun haye can sama, ƙasansu a shafe kamar an yanke da wuƙa, fatar ta yi shuɗi-shuɗi da ɗorawa, layukan ɗinki sun tattare. Sun yi mini ƙanana ƙwarai, domin idona ya saba da wani abu dabam fiye da shekara ashirin. Na shiga bayi na yi kuka. A mako na biyu har na riƙa tambayar kaina ko da na haƙura da taurin da nauyin. Da na faɗa wa likitar, ba ta yi mamaki ba. Ta ce da gangan ake ɗaga su fiye da inda za su tsaya, saboda nauyi zai jawo su ƙasa in kumburi ya saɓe, kuma kada na yanke hukunci sai an yi wata uku zuwa shida. Ta ce wannan ƙuncin na bayan tiyata mata da yawa suna shigarsa, ga rashin barci ga zaman wuri ɗaya ga baƙon jiki. Jin haka kawai ya rage mini rabin damuwar.

Akwai wuri ɗaya da ya ba da wahala, inda layin tsaye ya haɗu da na kwance a ƙarƙashin nonon hagu. Nan ne fata ta fi jan juna, nan ne kuma jini ya fi ƙarancin isa, shi ya sa ya fi ko'ina saurin buɗewa. Nawa ya buɗe kamar faɗin farce, yana ɗan tsattsafo da ruwa. Na tsorata, amma ba a sake ɗinki ba. Wankewa da canja auduga kullum, ya cike daga ciki da kansa cikin 'yan makonni. Tabon wurin ya fi sauran faɗi har yanzu.

Kan nonon dama ya mutu murus da farko, ko an taɓa ba na ji. Daga baya sai wani tsiko ya riƙa zuwa kamar wutar lantarki, ya wuce cikin ƙiftawar ido, aka ce jijiyoyin ji ne ke farfaɗowa. Jin ya dawo, amma bai kai yadda yake a da ba, kuma an faɗa mini tun farko hakan na iya faruwa. Mako shida ban ɗaga abu mai nauyi ba, ban miƙa hannu sama da ƙarfi ba, ina cikin rigar mama ta asibiti dare da rana. Jikata ta miƙo hannu in ɗauke ta, sai dai na zauna a ɗora mini ita a cinya. Da ɗinkin ya rufe sarai na fara manna filastar silikon a kan tabon. Wani yanki kusa da tsakiyar ƙirji ya fara tudu yana ƙaiƙayi, aka yi masa allurar sitiroyid ya kwanta. Tabo yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya nuna kamanninsa na ƙarshe. Nawa yanzu layi ne mai ɗan duhu fiye da fatata, ana ganinsa, kuma na saba da shi.

Wajen wata na huɗu nonon suka sauko suka zagaye, suka yi laushi. Sauƙin da na samu ya zo ne ta ƙananan abubuwa. Kwarin kafaɗuna ya cike. Ƙaiƙayin ƙarƙashin nono ya tafi, tunda fata ta daina kwanciya kan fata. Ina sunkuyawa na ɗaura takalmi ba abin da ya tokare ni. Ina kwana a gefen hagu. Na lura na daina tanƙwara kafaɗu gaba, ɗabi'ar da na ɗauka ban sani ba don na rage fitowar ƙirjin. Ciwon wuya ya ragu sosai amma bai ɓace duka ba, domin wani ɓangarensa na ƙashin wuya ne da shekaru suka taɓa, kuma likitar ba ta taɓa yi mini alkawarin tiyata za ta warkar da shi ba. Nonon hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta, kan nonon ma ba su zo daidai cif ba. Ni kaɗai nake ganin bambancin.

Kafin aikin an ba ni wata doguwar takarda na karanta na sa hannu layi-layi, irin wadda FDA ta wajabta a Amurka tun 2021, kuma magana ɗaya a cikinta ta fi zama mini: robar nono ba ta har abada ba ce, kuma iya daɗewarta a jiki iya ƙaruwar yiwuwar a sake tiyata. Wadda tantaninta ya taɓa tsukewa kuma yana iya sake tsukewa. Shawarar hukumar ga mai silikon ita ce a yi sikanin ko MRI bayan shekara 5 zuwa 6 da sawa, daga nan kuma duk bayan shekara 2 zuwa 3, ko da ba a jin komai. Mamogiram yana nan a kan lokacinsa, kuma dole na riƙa faɗa musu akwai roba tun wajen karɓar rana. Sabon katin na ajiye shi tare da takardun asibitina, na ɗauki hotonsa a waya, na tura wa 'yata.

A ganawarmu ta ƙarshe na tambayi likitar abin da zai faru in wannan ta lalace ina da shekara saba'in ko fiye. Ta ce tunda an riga an ɗaga nonon an rage fatar, cire roba mai mililita 250 ƙaramin aiki ne idan aka kwatanta da wanda aka yi mini, kuma lotsawar da za ta bari ba za ta kai ta babbar ba. Muka yi shawara a kan haka, ta rubuta a fayil ɗina: duk ranar da wannan ta buƙaci fita, a cire ta kawai, ba za a sa wata ba.